Uwargida, Ki Zama Idon Ƙafar Mai Ciwon Sukari

Zancenmu na wannan mako a kan ƙafa ne. Na sani wata za ta ce, ga girki, ga ɗinki, ga renon yara, me ya kai mu zancen ƙafa? Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, tun ba in akwai mai ciwon sukari a gidanku ba, ko maigida ne, ko surukarki, ko mahaifiyarki, ko kuwa ke kanki. Yanzu da wuya a sami unguwar da babu mai wannan ciwo.

Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne abin da ya sami wata dattijuwa maƙwabciyarmu da hunturun da ya wuce. Ta fi shekara 10 tana fama da sukari. Ran nan sanyi ya matsa, aka zuba mata garwashi a kasko, ta miƙe ƙafa kusa da shi, barci ya kwashe ta. Da gari ya waye jikarta ta kawo mata koko, sai ta ga bororo cike da ruwa a babban yatsan ƙafarta. Ta ce, "Iya, me ya same ki a nan?" Tsohuwa ta duba, ta ce, "Oho, ni dai ban ji kome ba." Tun da ba ta ji zafi ba, babu wanda ya damu. Aka fasa bororon da allura, aka buɗe kafso aka barbaɗa garinsa, aka ɗaure da tsumma. Ta ci gaba da yawonta a tsakar gida, har gidan suna ta je. Bayan kwana 10 ɗaki ya ɗauki wari. Sa'ad da aka kai ta asibiti yatsan ya yi baƙi, na kusa da shi ma ya kamu. Yatsu biyu aka cire, ta yi wata uku ba ta taka ƙasa ba, kuɗin da aka tara na auren jikar nan kuwa duk asibiti ya cinye.

Duk gidan nan babu wanda ba ya ƙaunarta. Abin da ya cuce su shi ne sun auna girman ciwon da yawan zafinsa, yadda kowa ya saba. Ga mai ciwon sukari kuwa wannan mudun ba ya awo.

Me ya sa ba ta ji zafi ba?

Sukari in ya daɗe da yawa cikin jini, ɓarna biyu ya ke yi wa ƙafa. Ta farko a kan jijiyoyin da ke kai labari ne. Akwai waɗansu siraran jijiyoyi da ke ɗaukar saƙo daga fata zuwa ƙwaƙwalwa, su ce nan akwai zafi, nan ƙaya ta soka. Mafi tsawonsu su ne na ƙafa, su ne kuma su ke fara lalacewa. Da fari mutum ya kan ji raɗaɗi a tafin ƙafa, ko kamar kiyashi na bin sa, ko kamar ana tsira masa allura, galibi da dare. Daga baya sai abin ya lafa, ya ce alhamdu lillahi ya sami sauƙi, alhali kuwa jin ne ya mutu. Daga nan sai ya yini da tsakuwa cikin takalmi bai sani ba. Haka kuma ƙafar ta kan daina gumi, fata ta bushe ta tsage, kin kuwa san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ɓarna ta biyu a kan hanyoyin jini ne. Su kan ƙuntace, jinin da ke isa yatsu ya ragu. Jini shi ne ke kai wa miki abin da zai gina sabon nama, shi ne kuma ke kai maganin da aka sha. In bai isa wurin ba, kome kyan magani miki ba zai rufe ba. Alamarsa ita ce ƙafa ta yi sanyi, ko mutum ya ji sharaɓarsa ta ɗaure in ya yi 'yar tafiya, in ya tsaya ta saki. Shan taba yana ƙara wannan ɓarna ƙwarai. Bayan waɗannan biyu kuma, sukari mai yawa yana rage ƙarfin jiki wajen yaƙi da ƙwayoyin cuta, shi ya sa ƙujewar da za ta warke cikin mako guda ga yaronki ta kan zama gyambo ga kakarsa.

Wani likita Bature mai suna Paul Brand ya taimaka ƙwarai wajen gane wannan al'amari, kuma ba a kan masu sukari ya fara ba. A kan kutare ya fara, a garin Vellore na ƙasar Indiya, inda ya kama aiki a 1946. A lokacin kowa ya ɗauka kuturta ce da kanta ke cinye yatsu. Shi kuwa ya zuba ido, ya ga ashe yawancin ɓarnar daga rashin jin zafi ta ke. Mutum ya ƙone bai sani ba, ya taka miki yau ya taka gobe har ya kai ƙashi. Har ya tarar da dare ɓeraye na gaigayar yatsun waɗansu suna barci ba su farka ba, ya sa aka riƙa ajiye musu kyanwa. Da ya koma aiki Amurka sai ya nuna abin nan ɗaya ne da na ƙafar mai sukari. Kada ki yi mini gurguwar fahimta, sukari ba kuturta ba ce, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Darasin dai ɗaya ne. Zafi shi ne mai gadin da Allah ya ajiye wa jiki, in mai gadi ya tafi sai a nemi wani ya tsaya a ƙofa. A gidajenmu kuwa wa zai tsaya in ba ke ba?

Kada ki ɗauka abin na mutum ɗaya ne ko biyu. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 manya miliyan 537 ke da ciwon. Masana sun ce cikin masu shi, daga kashi 19 zuwa kashi 34 cikin 100 za su sami miki a ƙafa wata rana a rayuwarsu. A nan Nijeriya an buga wani bincike a 2019, na mutum 336 da aka kwantar saboda mikin ƙafa a manyan asibitoci shida. Kimanin kashi 35 cikin 100 sai da aka yanke musu wani sashe, yatsa ko ƙafa, kimanin kashi 20 kuma suka rasu. Da yawansu sun iso ne bayan miki ya daɗe a gida.

Duban kullum

Aikin ba shi da tsada, ido ne da minti biyar. Ki zaɓi lokaci guda wanda ba ya sakewa, misali bayan sallar asuba in haske ya fito, ko da la'asar. Ki zaunar da mai ciwon inda ke da haske, ki ɗora ƙafar a cinyarki. Ki dubi bayanta, ki juya ki dubi tafin, ki dubi dunduniya, sa'an nan ki buɗe tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, don nan ne cin ruwa ke ɓuya. Abin da ki ke nema shi ne bororo, ko faso, ko yanka, ko kumburi, ko wurin da launinsa ya sāke. Mu masu duhun fata ja ba ya fitowa sosai a jikinmu, sau da yawa sai dai ki ga wurin ya ƙara duhu ko yana sheƙi. Saboda haka ki haɗa da hannu. Ki sa bayan hannunki a kan wannan ƙafa, ki sa a kan waccan. In wuri guda ya fi ɗan'uwansa ɗumi, akwai magana.

Kanta ma abin lura ce. Mun ɗauki kanta alamar ƙafa mai ƙarfi, amma ga mai sukari kamar tsakuwa ce da aka ɗinke masa cikin fata. Kullum tana danne naman da ke ƙarƙashinta har ya fashe. In kin ga baƙin ɗigo kamar na busasshen jini cikin kanta, to miki ya riga ya fara daga ciki.

Ku 'yan makaranta, wannan aikinku ne. Kakarku ba ta iya sunkuyawa ta ga tafin ƙafarta, sau da yawa kuma sukarin ya taɓa mata ido. Idonku kuwa garau ne. Wadda ke zaune ita kaɗai ta ajiye madubi a ƙasa ta riƙa dubawa. Maigida fa? Na san akwai mazan da za su ce, "Ke, bar ni, lafiyata lau." Ki bi shi da dabara. Ki kawo mai ki ce za ki shafa masa, babu namijin da ke ƙin wannan, kina shafa kina dubawa.

Akwai wata 'yar jarrabawa da likitocin wani asibiti a garin Ipswich na Ingila suka tsara, wadda kowa zai iya yi a gida don a gane ko jin ƙafa ya ragu. Mai ciwon ya rufe ido. Ke kuma ki ɗora kan yatsanki a hankali, ba dannawa, ba sosawa, a kan tsinin babban yatsan ƙafarsa, da na tsakiya, da ƙaramin, kowanne kamar daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ki yi wa ƙafa biyu, wuri shida ke nan. Duk inda ya ji ya ce ya ji. In ya kasa jin wuri biyu ko fiye, ku gaya wa likita a zuwa na gaba. Ko da ya ji duka, ya kamata a duba ƙafar mai sukari a asibiti aƙalla sau ɗaya a shekara. In likita bai ce a tuɓe takalmi ba, ku tuɓe ku nuna masa.

Abubuwan da muka saba, waɗanda ke cutarwa

Mu dai wajen wanke ƙafa ba a bar mu a baya ba, ga alwala sau biyar. Inda mu ke kuskure shi ne barin lema tsakanin yatsu. A ajiye wa mai ciwon ɗan tawul mai laushi kusa da buta, in ya gama ya tsane, ba da gurzawa ba. Ruwan ɗumi na hunturu kuwa ke za ki gwada shi da gwiwar hannunki, kada ki bari ya gwada da ƙafarsa, don ƙafar ba za ta gaya masa gaskiya ba. Kada a jiƙa ƙafa cikin ruwa a daɗe, ko da ruwan gishiri ne, yana sa fata ta yi laushi ta fashe. Bayan wanka a shafa basilin ko man kaɗanya a dunduniya da tafi da bayan ƙafa, amma ban da tsakanin yatsu.

Kasko, da murhu, da gorar ruwan zafi, duk a nisanta su daga ƙafarsa. In sanyi ya dame shi a sa masa safa. Yashin tsakar rana da siminti a watannin bazara su ma wuta ne, kada ya taka su ba takalmi ko da daga ɗaki zuwa bayan gida ne. Masu babur su lura da salansa. Maganar ɓera kuma ba ta Indiya kaɗai ba ce, likitoci a ƙasashen Afirka sun sha ganin masu sukari da cizon ɓera a yatsu. Kada a kwana da maiƙon abinci a ɗaki, a sa gidan sauro a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa.

Yanzu ga inda za mu ɓata da waɗansu. Reza ba ta da aiki a ƙafar mai sukari. Masu yawon yankan farce a kasuwa da ƙofar masallaci, waɗanda ke sassaƙe gefen farce da ƙarfe har su kankare kaushi, gwanaye ne a sana'arsu, amma kada mai sukari ya miƙa musu ƙafa. A yanke farce a gida bayan wanka, a miƙe, kada a bi lungu, kada a yanke har ƙasa, a goge kaifin. In farcen ya yi kauri ko ya shige nama, aikin asibiti ne. Haka kanta, a bar wa ma'aikacin asibiti ya rage ta. Tsaga da ƙaho a ƙafar da ta kumbura kuwa, ki roƙi mutanen gida da girman Allah su bari.

Lalle fa? Ni ma ina son sa, ba kuwa zan ce kada mai sukari ta yi ado ba. Amma ki duba abin da ƙunshi ke yi. A naɗe ƙafa da leda a kwana cikin lema, a kusantar da ita ga wuta don ya kama, da safe kuma launi ya rufe fatar da mu ke so mu riƙa gani. Wadda jin ƙafarta ya mutu, shawarata ta tsaya a hannu. In akwai faso ko miki kuwa, babu zancen lalle sam.

Takalmi ya zama mai faɗin gaba, mai laushin ciki, mai kaurin ƙasa yadda ƙaya ko ƙusa ba za ta huda ba. Silifa mai igiya tsakanin yatsu tana yanka wurin. Takalmin roba yana tara gumi. A je saye da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kada a aika yaro da awo. Sabon takalmi a fara sa shi awa ɗaya ko biyu, a tuɓe a duba. Kafin a sa kowane takalmi a kakkaɓe shi, a zura hannu ciki. Safa fara ta fi, domin in jini ko ruwa ya fito za ki gani ran wanki.

Ranar da ki ka ga miki

To, duk da haka wata rana kya iya ganin miki. Ki wanke hannunki da sabulu. Ki wanke wurin da ruwan da aka tafasa ya huce. Ki tsane gefensa, ki rufe da bandeji mai tsabta irin na kanti, kada ki ɗaure tam. In bororo ne kada ki fasa. Ki hana shi takawa. Sa'an nan ku tafi asibiti a ranar, in dare ya yi da sassafe. Ba sai ya yi zafi ba, ba sai ya yi girma ba, ba sai an ga wata ba. In ƙusa ce ko ƙaya ta soke shi, ku tuna wa ma'aikaci zancen allurar tetanus.

Abubuwan da a ke zuba wa miki a gidajenmu ba su ƙirguwa: toka, garin kafso, baƙin mai, ruwan batir, man goge haƙora, sassaƙe, har kashin shanu. Waɗansu suna ƙona sabon nama, waɗansu suna shigar da ƙwayoyin cuta. Sifirit da aidin mai ƙarfi in ana ta kwarara su kullum su ma suna cin naman da ke tsirowa. Shuɗin maganin nan da a ke kira ji-bi yana rufe launin miki, likita ya kasa ganin abin da ke ciki. Zuma tana da daraja a wurinmu, kuma an yi ta gwada ta a kan miki, amma ƙwararrun da ke tsara ƙa'idar kula da ƙafar mai sukari ba su sami hujjar da ta isa su ce a dogara da ita ba. Babban haɗarinta shi ne a zauna gida ana shafawa har mako uku ya wuce. In kun riga kun sa wani abu, ku faɗa wa likita gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Akwai kuma maganar da na sha ji, wai gyambon da ya ƙi warkewa daji ne, ko an taka sammu, wai ba ya son allura, ƙarfe na taɓa shi zai haukace. Addu'a kam a yi ta, babu mai hanawa. Amma ki tuna dalilin ƙin warkewar mun riga mun gan shi: jini bai isa ba, sukari ya yi yawa, ana kuma taka mikin kullum. Wanda aka kai asibiti aka yanke masa ƙafa, ba allura ce ta haukata ciwon ba, ya iso ne bayan ruɓa ta gama aikinta. Mutane kuwa sai su ga wannan su ƙara jin tsoro, su ƙara jinkiri, a sake yanke wata ƙafar. Likita ba ya murnar yanka. Ya kan yi ne in ya ga in an bar wurin dafin zai shiga jini ya tafi da rai.

Waɗannan alamu kuwa ba sa jiran gari ya waye: wari, mugunya, kumburi mai hawa sama, yatsa ya yi baƙi ko shuɗi, zazzaɓi da rawar jiki, amai, ko sukari ya hau ya ƙi sauka. Ki sani mai sukari yana iya kamuwa da mugun ciwo jikinsa bai yi zafi ba, don haka rashin zazzaɓi ba shaidar lafiya ba ne. Haka kuma in ƙafa ta kumbura ta yi ɗumi babu miki ko kaɗan, kada a kai wa mai ɗori ya murza. Wani lokaci ƙasusuwan ciki ne ke rugujewa, kowane taku kuwa ƙara ɓarna ya ke.

Abin da za a yi a asibiti, da naki rabon aikin

Za a taɓa jijiyar bayan ƙafa da ta bayan idon sawu a ji ko jini na bugawa. Za a auna zurfin mikin, in ana zaton ya kai ƙashi a ɗauki hoto. Sa'an nan za a kankare mataccen nama da kantar da ke kewaye. A nan ne hankalin mutane ke tashi, don bayan an gama sai miki ya fi dā girma, har ya yi jini. Kada ki ce sun ɓata shi. Mataccen nama abincin ƙwayoyin cuta ne, sabo ba ya tsirowa a kansa, kamar yadda ba a shuka sai an yi sharar gona. Wataƙila a maimaita wannan sau da yawa.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba kowane miki ke bukatarsa ba, sai wanda ya harbu. In an rubuta, a shanye duka. Na fata ya kan ɗauki mako ɗaya ko biyu, in ya shiga ƙashi har mako shida. Za a kuma rufe mikin, kada ki buɗe wai ya sha iska. Tun 1962 wani masani a Ingila, George Winter, ya nuna mikin da aka rufe da 'yar danshinsa ya fi saurin rufewa bisa wanda aka bari ya bushe ya yi ɓawo. Amma yatsan da ya yi baƙi ya bushe hukuncinsa daban ne, kada ki jiƙa shi, ki bi abin da likita ya ce. In an koya miki wankin miki a gida, ki ware almakashi da kwano nasa, ki ƙone tsohon bandeji, kada ruwan wanka ya jiƙa sabon.

Babban maganin mikin tafin ƙafa, wanda kuma ya fi kowanne wuyar sha, shi ne a daina taka shi. Ki kwatanta da dashen da ki ka yi a bayan ɗaki, kullum akuya na bi ta kai. Kome ruwan da ki ka ba shi ba zai kama ba. Naman da ya tsiro cikin dare, tafiya kaɗan da safe ta isa ta murƙushe shi. Mai lafiya in ya ji ciwo ɗingishi ya ke yi ba da shawara ba, zafi ne ke tilasta masa. Mai sukari kuwa babu abin da ke tilasta masa, sai ya taka da dukan nauyinsa yana murmushi. Shi ya sa a waɗansu asibitoci a ke sa wa ƙafar filasta irin ta karaya, mai bin siffar ƙafa, don nauyi ya watsu ya bar kan mikin. Dabarar nan ma daga jinyar kutare aka samo ta, har yau kuwa tana cikin mafi inganci, sai dai ba a sa ta in jini bai isa ba ko miki ya harbu sosai. Inda babu ita a kan ba da takalmi na musamman, ko sanda, ko keken marasa lafiya.

Nan ne aikinki ya ke, uwargida. Ki kawo buta da fo kusa da gado. Ki raba wa yara aikin da tsohuwa ta saba yi. In maigida ne, ku zauna ku yi shawarar wanda zai riƙe masa shago ko gona, don in ba a warware wannan ba, ko me likita ya ce zai fita. Zancen masallaci da alwala kuma a tambayi malamai, addini ya yi sauƙi ga mara lafiya, akwai salla a zaune, akwai shafa a kan bandeji, akwai taimama. In kuwa mai ciwon ke ce, to kada kunya ta sa ki tashi daka da shara. Gara a ce kin kwanta wata biyu da a ce kin rasa ƙafa.

Maganin sukari kada a tsayar da shi ko rana ɗaya ba da izinin likita ba. Sau da yawa mai shan ƙwaya a kan mai da shi kan allurar insulin har miki ya warke. Wannan ba alamar ajali ba ce, magani ne da aka gano a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, an kuwa fi shekara 100 ana ceton rayuka da shi. Wajen abinci a rage lemon kwalba, da sukari a koko da shayi da fura, a rage malmalar tuwo a ƙara miyar ganye. Amma kada a horar da shi da yunwa, miki yana bukatar abin gina jiki: wake, ƙwai, kifi, nama, nono marar sukari, sai fa in likita ya ce ƙodarsa ta taɓu. In azumi ya zo yana da miki, a tambayi likita kafin ya ɗauka.

Warkewa tana ɗaukar makonni, wani lokaci watanni. Ki riƙa auna mikin kowane mako, ko ki ɗauki hotonsa da waya. Likitoci su kan duba ko ya ragu da rabi cikin mako huɗu. In bai ragu ba, ku nemi a sake duba hanyoyin jini, ko a tura ku babban asibiti, domin akwai aikin buɗe hanyar jini da a ke yi.

Ranar da miki ya rufe a yi godiya ga Allah, amma kada a koma gidan jiya. Sabuwar fatar ba ta kai ta dā ƙwari ba, jin da ya mutu kuma bai dawo ba. Bincike ya nuna cikin mutum 10 da suka warke, kimanin 4 su kan sake samun miki kafin shekara ta zagayo. A fara tafiya kaɗan kaɗan, kada a koma cikin takalmin da ya jawo ciwon, a ci gaba da zuwa asibiti a kan lokacin da aka yanka.

Wadda kuma tsohonta ko tsohuwarta za su tafi aikin hajji ko umra, ta sa musu safa masu kauri, da takalmi biyu waɗanda ƙafa ta riga ta saba da su, da 'yar jakar rataya takalmi. Alhazai masu sukari su kan ƙone tafin ƙafa a can in takalmi ya ɓace a ƙofar masallaci suka taka ƙasa da rana. Ki gaya musu in haka ta faru su zauna a inuwa, su aiki wani ya sayo musu wani takalmin, sa'an nan su tashi.